Faifai Biyu a Gindin Randa

Yayana ya dawo daga yaƙin Nasara na ƙasar Andoshin, can gabas mai nisa, da akwatin garmaho, da ƙahon tagulla, da mataccen kunne ɗaya. Ɗayan ma, in ji likitan soja, zai bi sawun ɗan'uwansa, ranar ce kawai ba a sani ba. Busa ne aikinsa a soja. Mu 'yan Damagaram ne da kasuwanci ya kawo Diffa, lokacin garin bai wuce kasuwa da 'yan gidaje kusa da kogin Kumadugu ba. Ni mijina ya rasu, na koma gidan babanmu ina taya shi tsaron kanti, sai aka bar mini Yaya da tarkacensa.

Cikin fayafayansa akwai biyu da yake ji da su kamar 'ya'ya. Kiɗa ɗaya ne a kansu, wani Bafaranshe ya tsara shi: mutum guda yana busa ƙaho, taron makaɗa suna amsa masa. Konsarto yake ce masa. Mai busar ne kawai daban a kowane faifai. Na ce masa wannan ɓarna ce, wa ke sayen zane biyu iri ɗaya? Ya ce kunnena na auna gishiri ne, in yi shiru. Zafin garinmu yana lanƙwasa faifai, don haka a gindin randa suke zama, naɗe cikin tsohon rawani, inda yashi ke da sanyi.

Da ƙyar ya koya mini bambancin. Na farko yana busa tas, da sauri, ba tangarɗa. Na biyu yana jan ƙafa, kuma a tsakiya, inda makaɗa suke sassautawa, kafin ya hau wata doguwar murya ta sama, za ka ji ya ja numfashi. Muryar ma tana ɗan rawa a ƙarshenta.

Wata ranar kasuwa wani tsoho mai algaita daga Geskeru ya zo sayen sukari, Yaya ya tsare shi sai ya ji duka biyun. Tsohon ya saurara yana kaɗa kai, sannan ya ce da Hausarsa ta Barebari, "Na fari shi ne gwani. Na biyun nan ya ba da kunya, ɗana. Mai busa ba a jin numfashinsa. Mu kumatu muke cikawa, mu ja ta hanci, sauti ba ya yankewa."

"Baba, na farin nan fareti yake yi," in ji Yaya. "Na biyu ya san wurin da zai hau da tsawo. Yana jin tsoro, kuma ya hau."

Tsohon ya ɗauki sukarinsa ya tafi bai yarda ba. Ni ma a lokacin bayan tsohon nake.

Daga nan Yaya ya ƙirƙiro mana aiki. Kullum bayan la'asar zai zauna a tabarma ya fuskanci bango, ni in zaɓi faifai ɗaya ba tare da ya gani ba, in murɗa hannun garmaho, in ɗora. Shi kuma ya faɗi ko wanne ne. Ya ce muddin yana iya raba mutanen nan biyu, kunnensa yana nan. Na yi mita, na ce ina da wanki da tuwo, amma ban taɓa fashi ba, don na ga yadda wuyansa ke sanƙarewa kafin ya amsa.

Alluran ƙarfe na garmahon suka ƙare, motar Damagaram ba ta zo da wasu ba. Ya nuna mini yadda ake fere ƙayar aduwa a sa a madadinsu. Tana yi, sai dai sautinta ƙasa-ƙasa ne. Ya riƙa matso da tabarmarsa har bayansa ya kusa taɓa akwatin.

A waje kuwa abin sai gaba yake yi. Ya daina jin ladan. In an yi masa sallama sai an taɓa kafaɗarsa. Ƙahonsa ya goge shi ya rataye, ya ce ba zai busa abin da maƙwabta za su ji shi bai ji ba. Amma a gaban bango yana amsawa, wani lokaci daidai, wani lokaci ba daidai ba, in ya kuskure ya ce ƙayar ce ta dakushe. Na riƙe wannan da hannu biyu. Tsoro nake ji, wallahi, don ban san abin da zai rage masa ba in wannan ya tafi.

Ranar da abin ya faru ruwan Kumadugu ya fara janyewa, ana shanyar tattasai, iska duk yaji. Na sa faifai na murɗa, yana ta juyawa, sai na ga bakin ƙayar ya tsage. Na tsaya da hannun allurar a sama ina laluben wata a bakin zanena. Tsakar gidan shiru, sai kaji.

"Na biyu ne," in ji Yaya, fuskarsa a bango. "Kin ji? Kin ji ya ja numfashi? Yanzu zai hau."

Ya ɗaga yatsa sama a hankali yana bin muryar. Na kasa motsi. Da bai ji na taɓa shi ba, kamar yadda na saba yi in nuna masa daidai ne ko ba daidai ba, sai ya waiwayo. Ya ga allurar a hannuna, nesa da faifai. Ya dube ta, ya dube ni, ya daɗe. Hawaye suka zubo mini, na yi saurin kai hannu zan ɗora.

"A'a, ƙanwata," ya ce. "Kar ki ɗora. Bari wannan ya ƙare tukuna."

Ya mayar da fuskarsa bango. Na tsaya riƙe da allurar, faifan yana juyawa ba sauti, har ya gaji ya tsaya.