Gwangwanin Tumatir a Ƙugun Fuseina

Tana tsaye a shagon kayan abinci na Mahamadou da ke unguwar Stapleton, sanye da kakin masu gadin motar banki, baƙin hijabi a ƙarƙashin hular aiki. An rubuta Fuseina a ƙirjin rigarta. Gidan bindigar da ke ƙugunta na dama babu komai ciki, amma tsayuwarta a karkace take, kamar ta wanda ya daɗe yana dako a gefe ɗaya.

Tana nuna wa mai shagon hoton ƙananan bindigogi biyu a waya. Ni da ke bayanta a layi, a idona duk ɗaya suke.

"Hajiya, ai wannan ta fi kyau," in ji shi.

"Ita ce ta asali, Alhaji. Ƙarfe ce zalla, kunamarta da laushi, har jikoki sa gaje ta. Ɗayar kuwa mai araha ce. Rabinta roba, kunamar da tauri, fentin ma ba ya daɗewa."

"To, ki sayi ta asalin mana."

Sai ta ɗauko babban gwangwanin tumatir, ta danna shi a ƙugu, tana kwatanta nauyinsa da na bindigar ƙarfen. Ta mayar, ta ɗauko ƙarami, ta sake gwadawa. Ina jin likita ya riga ya yi mata magana a kan ƙugun nan, kuma akwai yara a gida da ba za ta iya barin aikin saboda su ba.

"Tunda na fara aikin nan ban taɓa harbin kowa ba," in ji ta. "Ni ɗauka nake yi, wuni guda a tsaye."

Ta miƙa masa ƙaramin gwangwanin ya sa mata a leda.