A Falon Manya Ba Sa Kiran Fasinja

Malam Shu'aibu ya rasu. Da safen nan labarin ya iske ni, ina tsugune ina ɗaura bel a injin niƙa, hannuna duk baƙin mai. 'Yarsa Rukayya ce ta kira daga Kanada. Ta ce, "Baba Garba, Abba ya cika."

Na ce mata, to. To kawai na ce, kamar an ce min an kawo niƙa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mutanen shafin nan kun saba in zo in ba ku dariya in wuce. Yau ban zo da ita ba. In kun ga wata ta kufce min, hali ne, ku yi haƙuri.

Ga wanda bai san shi ba, malamin gona ne mai ritaya, a nan Birnin Gwari. Benci ɗaya muka zauna a firamare. Shi ya yi gaba, ni na tsaya a aji biyar. Na so ajin nan ƙwarai, har shekara biyu na yi a ciki, sai da hedimasta ya ce in ba na baya wuri. Tun daga ranar yake ce min Farfesa. Har muka yi furfura bai canza min suna ba.

Karatuna kun san shi, ga shi kuna gani. Da yatsa ɗaya nake rubuta wannan.

In yarana suka kawo takarda daga makaranta mai dogon Turanci, sai in aika a kira shi. Yana shigowa zai ce, "Babanku ya sake ajiye tabarau ɗinsa a shago. Kawo in karanta masa." Ni ko tabarau ban taɓa saya ba. 'Ya'ya bakwai na haifa, kowanne ya girma yana zaton ciwon ido ne da ubansa.

Da mutanen daji suka hana mu zuwa gonakinmu na wajen dajin Kamuku, ya raba tasa ta bayan gari biyu ya ba ni rabi. Bai ce ya taimake ni ba. Cewa ya yi, "Farfesa, rufa min asiri ka nome min wannan ɓangaren, ciyawa za ta ba ni kunya." Wai ni ne ma mai yi masa alheri.

Sai ciwon ƙoda ya kama shi. Duk bayan mako biyu sai ya je asibiti Kaduna, a kan hanyar nan da kuka sani, kafin a samu ɗan sauƙin da aka samu. Likita ya ce an kusa fara masa wankin ƙoda. Rukayya nas ce a can, ta yi masa takardu ya koma wurinta. Ya ce ba inda za shi. A nan aka binne cibiyarsa, a nan za a binne sauran.

Da ta rasa yadda za ta yi, sai ta biyo ta kaina. "Baba Garba, kai kaɗai yake jin maganarka." Ta shirya in raka shi har Doha, inda ake canjin jirgi. Daga nan shi ya wuce Kanada, ni kuma in wuce Umara, ita ta biya min kujerar.

Ni da Abuja ma sau biyu na taɓa zuwa. Wata uku na yi ina yi masa naci har ya ce to. Ku rubuta ku ajiye, da kujerar Umara aka saye ni, kuma ban yi tsada ba.

Ana gobe za mu tashi ta turo min saƙon murya. Ta ce, "Awa shida za ku yi kuna jira a Doha. Na biya muku falon manya, wanda ake cewa launj. Abinci da abin sha duk kyauta ne, kar ka tambayi kowa nawa ne. Akwai wurin wanka, akwai wurin salla, akwai kujerar da ake kwanciya, akwai wurin caji. Amma Baba Garba, abu ɗaya. A can ba sa kiran fasinja. Ba tasha ba ce, ba ɗan kamasho. Allo za ka riƙa dubawa, in ka ga lambar jirginsa da kalmar Turancin da zan turo maka a gefenta, ku tashi. In jirgi ya tashi, ya tashi."

Na saurari saƙon nan har na haddace. Na rubuta lambar jirginsa a tafin hannuna da biro.

Kun san yadda muke fita daga garin nan a lokacin. Ba mai sa kayan kirki a mota. Koɗaɗɗiyar riga, silifas ɗan madina, ƙaramar waya mai tocila, don in Allah Ya ƙaddara aka tare hanya, su ga ba ka kai a wahala a kanka ba. Shaddojinmu muka naɗe a ƙasan jaka, wai in mun isa Abuja mu canza. Muna isa filin jirgi aka karɓi jakunkunan aka wuce da su ciki. Ba wanda ya gaya mana ba za mu sake ganinsu ba sai ƙarshen tafiya.

Haka muka isa ƙofar falon manya a Doha, kamar an koro mu daga rugar wani.

Yarinyar da ke bakin ƙofa ta dubi takardarmu, ta dubi silifas ɗinmu, ta sake duban takardar. Malam ya yi mata Turanci irin nasu na 'yan makarantar da, mai guga. Nan da nan ta miƙe ta ce welkom sa. Karo na farko ke nan a rayuwata da aka ce min sa, kuma ma ina jin da shi take.

Duk abin da Rukayya ta faɗa gaskiya ne, har ta rage. Kafet ɗin in ka taka sai ka ji kamar ka yi wa wani laifi. Shinkafa kala-kala, naman rago, kifi, dabino kamar an zuba don ado. Ba mai tsaye a kanka da ludayi. Na yi zuwa uku, a na huɗu na zagaya ta ɗaya gefen don kar a gane ni. Na shiga wanka na yi minti goma ina neman inda ake murɗa famfo, ashe hannu kawai yake so ya gani.

Abin da ya fi damuna shirun wurin. Mu a nan in gari ya yi shiru haka, tashi ake a leƙa waje. Su kuwa kuɗi suke biya a yi musu shi.

Malam bai ci komai ba. Likita ya hana shi gishiri, ya hana shi nama, ruwa ma da awo. Rabin kofin shayi ya riƙe, yana kallon waje ta gilashi. Ya daɗe yana kallon rairayin hamadar nan, sannan ya ce, "Ƙasar nan ko gero ba za ta yi ba." Malamin gona dai.

Akwai wasu manyanmu na gida su uku a gefe, manyan riguna, turare na tashi, Hausa suke yi. Na je na yi musu sallama. Ɗaya ya amsa wa silifas ɗina. Da na dawo Malam ya ce, "Kar ka ji haushi. Wanda ya saba zama a irin wannan ɗaki, in aka ce masa an tare hanyar Birnin Gwari, labari yake ji."

Bayan mun yi la'asar na je na tsaya gaban allon. Rubutu na ta sauyawa. Na buɗe tafin hannuna ina gwadawa layi-layi, har na ga lambar, ga Turancin da Rukayya ta ce in na gani mu tashi. Ni da ban taɓa karanta allo daidai ba a aji biyar, ranar na karanta.

Na dawo da saurina. "Malam, tashi, naka ya fito."

Bai motsa ba. Ya ce, "Na gani tun ɗazu. Zauna."

Na zauna.

Ya ce, "Garba." Ba Farfesa ba. "Nan ba sa kira. Ba wanda zai zo nemanmu, mai keken marasa lafiyar da aka turo min ma na sallame shi tun muna sauka. Ka ɗebo wani shayin mu zauna. In ya tashi ba ni, dole su mayar da ni inda suka ɗauko ni."

Na ce, "Rukayya fa?"

"Ka ce mata ba ka iya karanta allon ba. Wa zai musa maka?"

Ban san ko haka dokar take ba, ko da gaske za su mayar da shi. Abin da na sani, shekara da shekaru mutumin nan yana min ƙaryar tabarau a gaban 'ya'yana. Sau ɗaya ya roƙe ni in yi masa tawa ƙaryar.

Ya ce, "In na shiga jirgin nan ba zan dawo ba, kai ma ka sani. Ina so in na mutu ku ɗauke ni a kafaɗa. Ina so wanda zai sa ni a rami ya san sunan ubana."

To me kuke zato na yi? Abin da na iya. Wasa.

Na ce, "Haba Malam. Wannan fa zaure ne kawai, ka ga yadda yake, ina ga cikin gidan? Ka je su wanke maka ƙodar nan da sabulun Turawa, ka dawo da tumbi, mu yi maka sabuwar rigar da ba ta hanya ba. Ka koma gida yanzu ka ce me? Ka je Doha shan shayi?"

Ya yi dariya. Wallahi ya yi, har da tari. Ni kuma da na ga ya yi dariya sai na ɗauka na ci nasara. Na ɗauki 'yar ledar magungunansa, na kama hannunsa na ɗaga shi. Bai yi gardama ba. Da ya yi gardama da ya fi min sauƙi yau.

Tafiyar da nisa zuwa ƙofar jirgin. Muna tafe silifas ɗinmu na ƙara a kan tayil, ni ina ta surutu. A bakin ƙofar ya karɓi ledarsa ya ce, "Farfesa, ashe ka iya karatu." Sannan ya ce in yi masa addu'a a gaban Ka'aba, kuma kar in bar ɓangarensa na gonar ya yi ciyawa.

Ganina da shi na ƙarshe ke nan. Na koma falon, saura awa biyu nawa jirgin. Abincin na nan yadda na bar shi. Na kasa ci.

Kusan shekara biyu ya yi a can. Muna waya ta bidiyo, yana cikin hular sanyi da bargo, bayansa farin bango. Bai taɓa tayar da maganar Doha ba. Tambayarsa ɗaya ce kullum: an yi ruwan shuka? Masara ta yi kai? Wa ya rasu? In na lissafa masa sai ya ce, "An samu jama'a?" In ce an samu. Ya ce, "Madalla."

Na san abin da wasunku za su rubuto min a ƙasa. Cewa da ya dawo wataƙila ko wata shida ba zai kai ba. Cewa kowa da ƙasar da aka ɗebo shi, can zai koma. Na sani, na yi imani da haka. Amma kar wanda ya rubuto min yau. Ku bari sai jibi.

Can za a binne shi. Rukayya ta ce sai an gama takardu, kuma mutanen masallacin unguwarsu za su taimaka, Allah Ya saka musu. Mutumin da rabin manoman ƙasar Birnin Gwari suka koyi sa taki a hannunsa. Da a nan ne, da sai an rufe kasuwa. Yanzu ga mu mun shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa, ana ta shigowa gaisuwa, ba makara, ba inda za mu raka shi.

Waɗanda suka mai da hanyar asibiti abin tsoro har sai da 'ya ta ɗauke ubanta ta kai shi ƙarshen duniya, da waɗanda suka zauna a ɗaki mai sanyi suna jin labari, ban yafe ba. Sai dai in na gama lissafa su, ni ne dai na kama hannunsa.

Rukayya, na san za ki karanta wannan. Da safe da kika sake kira kin tambaye ni, kina kuka, ko Abba ya ce min wani abu a filin jirgi, don tun da ya zo bai taɓa cewa yana son komawa ba, kuma shirun ya dame ki. Na ce miki cewa ya yi shayinsu da daɗi. Ƙarya na yi miki, 'yata. Ga abin da ya ce, na rubuta shi duka a sama. Bai gaya miki ba don ya san kin yi iyakar abin da 'ya za ta yi wa uba, kuma kin yi. Ba ke ya roƙa ba. Ni ya roƙa.

In za a sa shi a ƙasa, ki gaya wa wanda zai shiga ramin cewa sunansa Shu'aibu ɗan Malam Idi mai sirdi, na Unguwar Magajin Gari. A faɗa da ƙarfi, ko ba su iya maimaitawa ba.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo maKa daga ƙasar da bai zaɓa ba. Ka gafarta masa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Ka ba Rukayya da 'yan'uwanta haƙuri. Ka ba garinmu lafiyar da tsoho zai yi jinya a ɗakinsa.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah kar ya tsaya a danna hoton kuka. Ya karanta masa Ƙulhuwallahu ko ƙafa uku ce, ya ambaci sunansa. In da saura, ya roƙa min Allah Ya sa Malam ya yafe min.