Hannun Rigar Judo

Ni 'yar kasuwa ce. Da tallar atamfa gida-gida na fara a Ƙofar Taramniya, ina ɗaukar kayan wasu a ka, har Allah ya ba ni rumfa tawa. Yadi kam na san shi. In na murza shi da yatsu biyu zan faɗa maka ko zai zuba, ko zai tsuke in ya sha ruwa. Wannan sanin ne ya sa na yi wa ɗiyar ƙanena ɓarna, ita da yanzu ake cewa ita ce ta fara ciyo wa 'yan matan garin nan lambar zinare a judo.

A makarantar sakandare ta koya, wajen wata 'yar sanda da ke zuwa tana sa su motsa jiki. Judo kokawa ce da ake yi cikin farar riga mai kauri da ɗamara, a kan katifa. 'Yan mata da yawa suka fara, ita kaɗai ta daure. Dama tun tana ƙarama ba ta da surutu, sai ƙarfin kafaɗa.

Ubanta direban babbar mota ne, yana ɗaukar siminti daga Kalambaina. Bai hana ta ba, amma bai so ba, don abokansa a wajen lodi sun fara kiransa baban 'yar kokawa. Da aka zaɓe ta zuwa gasa a Kaduna, sai ya zo rumfata ya tsaya, ko zama bai yi ba.

"Yaya, sau guda na yarda. Ke za ki raka ta. In ta dawo hannu rabbana, magana ta ƙare, ta zauna ta yi karatunta."

Na ce na ji.

Saura kwana uku mu tafi ta kawo mini rigar in sa a wanke. Tsohuwar rigar malamarta ce, 'yar sandan nan. Na ɗaga ta na duba, sai ka ce buhu. Hannuwan faɗi ne da su, akuya sai ta shige. Ni kuwa na taɓa zuwa kallonsu sau ɗaya, kuma abin da na gani shi ne duk wasan a hannun riga yake. Nan ake cafka, a ja, a kayar. Sai na yi lissafi irin na kasuwa: in babu abin kamawa, da me za a kama ta? Ga shi kuma ba zan yarda ɗiyar gidanmu ta fita gaban jama'ar wasu jihohi cikin buhu ba, ni ina mai sayar da yadi.

Na kai wa telana ya tsuke hannuwan daidai damtsenta. Na sa aka zuba mata sitaci, na kai wa masu bugu suka buge ta har tana ƙyalli kamar shadda. Na ninke na sa a jaka, na ce kada ta buɗe sai mun isa, don kada ta yi datti. Ban gaya wa kowa ba. So nake su gani su yi mamaki.

Da safe a Kaduna, kafin a hau katifa, ashe akwai mutumin da aikinsa ke nan, auna riga. Ta miƙa hannuwanta, ya nemi ya zura ma'auninsa tsakanin hannunta da rigar, ya ƙi shiga. Ya shafa ƙirjin rigar, hannunsa ya zame. Ya girgiza kai ya ce ba za ta yi wasa da wannan ba.

Ta juyo ta dube ni. "Goggo, mi kinka yi ma rigar nan?"

"Gyara ta na yi."

Malamarta ta dafe kai. "Hajiya, dokar wasan ce! Dole a bar wa abokiyar karawa wurin kamawa. Ke kin ɗauka ba wanda ya taɓa tunanin nan sai ke?"

Gaskiya haka na ɗauka. Ban yi musu ba, na ce minti nawa muke da shi. Ta ce ana gama karawa biyu za a kira ta.

Na karɓi rigar na juya cikinta waje. Allah ya taimake ni telan bai yanke yadin ba, ninke shi ya yi daga ciki ya bi da keke. Na ciro reza daga jakata na zauna a ƙasa ina farke ɗinkin. Da na gama hannu ɗaya na miƙa wa malamar, tana murzawa don sitacin ya saki, ni ina kan ɗayan. Sannan muka kama rigar mu biyu, muna cuɗa ta kamar masu wanki ba ruwa, farin gari yana zuba a zanena. Yarinyar tana tsaye gefe cikin rigar ciki da wando, tana kallonmu. Sauran 'yan wasa duk suna can suna ɗumama jiki, ita ko tsalle ɗaya ba ta yi ba.

Mai awo ya sake aunawa, ya ce ta wuce. Tana ɗaura ɗamara ana kiran ta. Ta hau katifa jikinta a sanyaye, hankalinta a tashe. Wadda ta kara da ita ta cafki hannun rigar nan da na farke, ta juya, sai ga ɗiyata a ƙasa rigingine. Alƙalin wasa ya ɗaga hannu. Ban ma gama gyara zama ba aka gama. Gasar kuwa in an kayar da kai ka fita ke nan.

A mota har muka wuce Gusau fuskarta tana wajen taga. Ni kuwa ban ba ta haƙuri ba, don haƙurin baki ba zai maido mata komai ba.

Washegari bayan la'asar na tafi gidan ƙanena. Na same shi a zaure, ya riga ya ji labari.

"To, Yaya, kin gani. An yi sau gudan."

"Ba a yi ba."

"Kamar yaya ba a yi ba? Ba an kayar da ita ba?"

Na faɗa masa duk abin da na yi, tun daga tela har masu bugu, ban rage komai ba. Na ce, "Kai direba ne. In mai lodi ya ɗaure maka kaya a karkace mota ta faɗi, laifinka ne? Ni na kayar da ita tun daga Sakkwato. Sau gudan da ka ba ta ni na cinye shi, ita ba ta taɓa shi ba."

Sai dariya ta kama shi. "Bugu? Rigar kokawa kinka kai bugu? Biki za ta?"

"Yi dariyarka ka gama. Amsa nake jira."

Ya share hawaye da gefen rigarsa, ya leƙa cikin gida ya kira ta. Ta zo ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Goggonki ta ce ita ta faɗi, ba ke ba. Ki sake zuwa. Amma wannan karon na ƙarshe ne, kin ji?"

Ta ce, "Na ji, Baba."

A gasar da ta biyo baya ta kayar da mata uku ta zo ta biyu, ƙanena kuma bai sake tayar da zancen karo na ƙarshe ba. Zinaren ya zo daga baya, bayan ta sha faɗuwa da targaɗe. Yanzu ita ke koyar da 'yan mata, har daga Wamakko ake kawo mata su.