Sunan Tsohuwar Tajaye

Malam Junaidu, malamin tarihi a makarantar sakandaren Illela, ba ya yarda ɗalibi ya rubuta masa "tsofaffi sun ce". Wane tsoho? Na wane gari?

Lokacin da yake bincikensa na jami'a kan tsofaffin rijiyoyi, wata tsohuwa a Tajaye ta ba shi labarin da babu shi a littafi. Sai da ya dawo gida ya tuna bai san sunanta ba, don kowa Inna yake ce mata. Ya sake hawa babur, ya koma Tajaye ya tambayi sunanta.

'Ya'yanta suka sunkuyar da kai, ɗa ba ya kama sunan uwarsa. Tsohuwar ta yi dariya ta ce, "Ummul-Khairi. Rabona da jin shi tun rasuwar babana."

Haka ya rubuta shi a jerin majiyoyin bincikensa, a tsakanin sunayen farfesoshi.