Ranar da Na Rage Masa Iska

Lokacin da na fara aikin nas a Jalingo, jihar tana sabuwa, abu ɗaya muka iya: in an kawo wanda ya yi hatsari, a sa masa abin shaƙa, a murɗe tukunyar oksijin har ƙarshe. Kwalbar ruwan da ke jikinta ta yi ta ɓulɓula, hankalin dangi ya kwanta, namu ma haka.

Sai aka turo mana wani likita mai sanyin murya da taurin kai. Ya tara mu ya ce oksijin magani ne, in ya yi yawa yana lalata huhu. Ya nuna mana 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa, ya ce lambarta za mu bi, ba ƙarar kwalba ba. Na yi tsaki a zuciyata. Iska ma sai an auna?

Wata Laraba da hantsi aka kawo wani manomi daga Nukkai, mota ta buge shi a kan keke, haƙarƙarinsa a karye. Abokiyar aikina ta buɗe masa iskar gaba ɗaya kamar yadda muka saba. Da aka tsayar da jinin na duba na'urar, lambar ta kai ƙarshe ta zauna can. Likita yana ɗakin tiyata. Na sa hannu na rage.

Kwalbar ta lafa. Matarsa ta zabura ta riƙe mini hannu, tana roƙona da Hausarta da ba ta nuna ba.

"Sista, don Allah kar ka rage. Mijina ne. Yara huɗu."

"Mama, sake ni. Abin da ya ishe shi nake ba shi."

"Wancan sista ya ba shi da yawa. Kai ka rage don mu talaka ne?"

Maganar ta soke ni. Tsoro ya kama ni kuma, don in ya cika a hannuna ba wanda zai tuna da likita. Na tsaya a kansa ina kallon lambar, ta sauko kaɗan ta tsaya inda aka koya mana. Gumi har cikin takalmina, amma ban ƙara ba.

Bayan mako biyu aka sallame shi da ƙafarsa. Matar ta dawo da doya uku a ka, ta wuce ni a baranda, ta sauke su gaban abokiyar aikina tana sa mata albarka. Ni ko kallo ban ishe ta ba, kuma har yau abin yana yi mini ciwo.