Mun Je Kaduna Taya Kabiru Ɗaukar Kofi

Ana sallame sallar asuba muka cika bas a unguwarmu Kurmin Sarki da ke Suleja, muka kama hanyar Kaduna. Ƙanena Kabiru ne zai buga wasan ƙarshe na gasar hoki, wasan nan da ake kora ƙaramar ƙwallo da sanda mai lanƙwasasshen kai. Tun yana sakandare yake yinsa, yanzu ya haura talatin, gwiwarsa ta hagu kullum cikin bandeji. Ƙwallo ɗaya ta rage masa ya kamo wanda ya fi kowa ci a tarihin ƙungiyarsu, kuma duk gwanintarsa bai taɓa ɗaga kofi ba. Likita ya riga ya gaya masa bana ce ta ƙarshe. Shi ya sa na tattara 'yan unguwa, yawancinmu abokan zama a gidan kallon ƙwallo, har da maƙwabcinmu ɗan kudu mai sayar da kayan babur, wanda ya taho da ganga.

Kuɗin mota ya kusa ninka na bara. Direba ya ɗora laifin a kan fetur, mu muka ɗora a kansa, aka yi ta musu har Sabon Wuse. A Tafa muka tsaya karyawa, tsakanin manyan motocin da suka kwana a bakin titi. Ƙosan wurin ya ƙanƙance har tausayi yake ba mutum, amma shayin ya yi kauri, mai shayin kuma bai yi rowar madara ba. Daga nan sai hanya ta koma hannu ɗaya saboda aikin gyara, muka bi bayan wata tirela kamar masu rakiyar gawa. Wajen Katari mata suka yanyame mu da doya da dafaffiyar gyaɗa. Duk tsawon tafiyar nan hirar ƙungiyoyin Turai muke yi. Babu wanda ya tambayi yadda ake buga wasan da za mu kalla, ni ma ban tambaya ba.

Mun isa da hantsi. Filin shimfiɗar roba ce, an jiƙa ta da ruwa tana ta ƙyalli, 'yan kallo kuma ba su taka kara sun karya ba. Mu ne muka fi kowa yawa da hayaniya. Da Kabiru ya hango mu sai ya ɗaga sandarsa yana murmushi, ni kuwa kaina ya yi girma. Gaskiya yaron ya iya. Ƙwallo tana manne da sandarsa, yana wuce mutane yana barinsu tsaye. Aka tafi hutu babu ci, aka dawo babu ci.

Wasa ya kusa tashi sai Kabiru ya samu ƙwallo daga nesa, ya ɗirka mata sanda. Ta wuce tsakanin ƙafafu, ta daki katakon cikin raga, ji kake ƙwas! Maƙwabcinmu ya yi ihu, Hausa haɗe da Turancin buroka: "Gol ne! Wallahi na gol!" Muka tsallake shinge gaba ɗayanmu. Kafin alƙalin wasa ya ankara mun cika fili, an sungumi Kabiru an ɗora a kafaɗa, yadda muke yi wa 'yan ƙwallon unguwa. Yana sama yana ɗaga murya: "Yaya, ku sauke ni, ba ta ciwu ba! Daga waje na buga!" Ganga ta hana kowa ji. A kan jiƙaƙƙiyar robar nan santsi ya kwashi ɗaya daga cikin masu ɗauke da shi, suka zube tare, Kabiru ya sauka a kan gwiwar hagu.

Sai bayan an kore mu waje wani dattijo da ke zaune kusa ya yi mana bayani. A hoki akwai zagaye da aka shata a gaban raga, kuma ƙwallo ba ta ciwuwa sai sandar mai kai hari ta taɓa ta a cikinsa. Kabiru miƙa wa abokinsa ya yi don ya karkatar da ita, abokin bai same ta ba. Kowa a filin ya san haka ban da mu.

Abin da ya fi ƙona mini rai ya zo daga baya. Saura ƙiris a tashi aka ba ƙungiyarsu bugun kusurwa, wanda dattijon ya ce duk gasar babu mai bugunsa kamar Kabiru. Shi kuwa yana kan benci, ƙanƙara a ɗaure a gwiwa. Wani ya buga, ta yi sama. Abokan karawa suka kwaso ta, suka zura a ragarmu, aka busa tashi.

Kabiru ya ce mu zai biyo gida, muka ba shi kujerar gaba don ya miƙe ƙafa. Babu wanda ya yi zancen cin abinci a Tafa. Na leƙa gaba na ce ya yafe mana. Ya ce: "Haba Yaya, ai zuwanku ma na ji daɗinsa." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Mun shigo Suleja gab da magariba. Ashe lokacin da muke ihu a fili wani a cikinmu ya buga waya gida cewa Kabiru ya ci, kuma kunya ta hana shi sake kira. Motar na tsayawa mata suka rangaɗa guɗa, Inna tana bakin ƙofa da sabon mayafi. Tafiyar nan ta koya mini cewa son mutum bai isa ba idan ba ka san aikinsa ba. Mun haddace sunayen 'yan wasan da ba su san da zamanmu a duniya ba, amma doka ɗaya ta wasan ɗan gidanmu ta gagare mu. Kabiru ya sauko yana dogara sandar hokinsa. Inna ta dubi ƙafarsa, ta dubi hannunsa, sannan ta juyo gare ni ta ce: "Ina kofin?"