Ranar Da Na Soke Sunan Mudi

Wata rana, a asibitin mata da yara na sansanin 'yan gudun hijira inda nake aiki, na yi abin da har yau nake jin kunyar kaina.

Aikina awon damtsen yara. In awo ya nuna ja, tamowa ce, sai mu ba uwa ledojin abincin gyaɗa na mako guda. Na yaron ne shi kaɗai.

Ni kuwa an san ni da tsare doka. Har tinƙaho nake da ita.

Akwai wata mata da 'yan bindiga suka ƙone ƙauyensu, suka kashe mijinta. Mako biyar tana kawo ɗanta Mudi, damtsensa bai motsa daga ja ba.

Na bincika. Ashe raba abincin take yi da yayyensa uku.

Raina ya ɓaci. Na tsayar da ita a gaban layi, na wanke ta tas, na ce ita ke kashe ɗanta.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malama, in na yage ledar nan, ido takwas ke kallona. Zo ki zaɓa mini wanda zai ci."

Na ce, "Baiwar Allah, wannan ba aikina ba ne."

Na ja biro na soke sunan Mudi, wai don sauran mata su shiga taitayinsu.

Ta goya shi ta fita. Ni kuma na ce, "Mai bi mata!"

Bayan mako uku sai ga ta a layi. Wannan karon yarinya ta kawo, yayar Mudi. Na auna ta, ja.

Na ce, "Ina Mudi?"

Ta ce, "Ai kin zaɓa, Malama. Ran Talata muka kai shi makwancinsa."

Ta miƙo hannu ta karɓi ledoji. Har godiya ta yi mini.

Wallahi da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Darasi: An kafa dokar nan don yaro ya rayu, ni kuma na kare doka na bar yaron. Kafin ka hukunta mai jin yunwa, tambaye shi mutum nawa ya baro a gida.

Ku tura wa duk wanda ke riƙe da biro a gaban layin talakawa.